Shuɗiyar Kujera

A Vardo rana ta yi ƙaura tun watan Nuwamba,
ba sallama, ba saƙo.
Eilif, ɗan shekara huɗu da rabi,
rabin nan ba ya yafe wa kowa shi,
ya ce, "Mama, kin ce safiya ke korar tsoro.
To mu da ba mu da safiya fa?"

Na rasa ta cewa. Na gyara masa bargo.

A lissafinsa su uku ne ke kwana a ɗakin.
Akwai mutum mara kai a bayan ƙofa,
ni na rataye shi da hannuna, rigar ruwan ubansa ce.
Akwai mai ƙwanƙwasa bututun ɗumama ɗaki,
ƙwas, ƙwas, sai ya yi tsit, yana sauraro.
Sai farin hannun nan da ke shigowa ta taga,
ya shafi bango, ya shafi silin, ya fice,
ya sake dawowa kamar mai mantuwa.

Ban ce masa ba komai ba.
In ka ce wa mai tsoro ba komai,
ka bar shi ne shi kaɗai da komai ɗin.
Na ɗauke shi cak, muka tsaya a taga.
"Fitilar tsibiri ce, tana laluben teku,
tana neman jirgin babanka ta nuna masa gida.
Ɗakinka a kan hanyarta yake, shi ya sa take leƙowa."
Ya ce, "Ta gan shi?"
Na ce, "Tana kan nema."

Daren farko na ja shuɗiyar kujera har jikin gado,
ya damƙe yatsana gam, kamar igiyar ɗaure jirgi.
Dare na huɗu kujera ta ja baya taku biyu.
"Kin yi nisa."
"Muryata fa? Ita ba ta matsa ba."
Na tara ina bakin ƙofa ina saƙa safa,
ƙarar allurai ta tsaya masa a madadina.

Na sha ɗaya komai ya rushe.
Iska ta taso daga teku ta kama gidan da kokawa,
ya sheƙo a guje, ƙafafu sanyi ƙalau kamar kifi.
Na ɗaga masa bargo, ban yi wa'azi ba.
Washegari aka sake sabon lale,
kujera ta koma jikin gado.

Kaka Ragnfrid ta ce sangarta shi nake yi,
su a zamaninsu fitila ake kashewa, a ja ƙofa.
Na ce, "Kina yin barcin?"
Ta juya kofinta, ta kalli waje.
Shekararta tamanin, da rediyo a kunne take kwana.

Jiya kujera ta kai kan matakala.
Na ji shi yana yi wa rigar sai da safe,
ya yi wa bututu, ya yi wa fitila,
ya ce mata ta duba can hagu sosai.
Kira ɗaya ya yi: "Kina nan?"
"Ina nan."
Daga nan sai numfashi.

Na shiga ɗakina, gado ya yi mini faɗi,
gefen Torleif sanyi kamar dutse.
An ce iska za ta ƙaru kafin Laraba.
Na kwanta ina ƙirga zuwan farin hannun,
na kai ɗari da wani abu,
sai ga taku, ɗas, ɗas, a kan katako.

Bai hau gadon ba.
Ya ajiye mini tsohon kifinsa na ulu, mai ido ɗaya.
"Na ji ba ki yi barci ba. Riƙe wannan."
Ya juya, ya bi duhun shi kaɗai,
na ji yana jan wani abu, ƙiii,
har bakin ƙofata.

Saura kwana shida rana ta dawo.
Kujerar tana nan inda ya ajiye ta.